Yarinyar da Ta Datse Lemon Mama

A unguwar Doka akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ga hankali, amma fa akwai rawar kai. Da ta ga ana aiki sau ɗaya, shi ke nan, wai ta iya.

Damina ta wuce, kaka ta shigo. Ranar Asabar babanta ya ɗauko adda ya datse zogalen bayan gida, ya bar kututture kawai. Ta tambaye shi ko ba zai mutu ba. Ya ce haka zogale yake so, zai fito da sabon ganye. Sai ya jingine addar ya fita.

Kusa da zogalen akwai ɗan itacen lemo. Mamanta ce ta dasa shi. Shekara huɗu tana ba shi ruwa, sai bana ya fara 'ya'ya, guda bakwai.

Yarinyar ta ga lemon ya yi cunkus. Ta ce bari ta taimaka, ta ɗauki addar. Kafin ka ce kwabo, rassa sun zube, lemo bakwai suna ƙasa, ɗanyu shar.

Da Mama ta dawo daga kasuwa, ba ta yi faɗa ba. Ta tsince lemon ɗaya bayan ɗaya. Rashin faɗan ya fi duka zafi.

Yarinyar ta fashe da kuka. "Mama, ni ce. Na ɗauka kamar zogale ne."

Baba ya zo ya duba itacen. Ya ce reshe biyu sun tsira, ba zai mutu ba, amma 'ya'ya kam sai a yi haƙuri.

"Kowane itace da yadda ake rage shi," in ji Baba. "Lemo, busasshen reshe ake cirewa. Me ya hana ki tambaya?"

Mama ta ce ta yafe, amma daga yau ban-ruwa ya koma hannun yarinyar.

Haka aka yi. Kullum kafin makaranta sai ta kai bokiti biyu, har hannunta ya yi kanta. Bayan wata guda ta ga ƙananan ganye sun toho. Ta ruga ta jawo Mama.

Mama ta daɗe tana shafa ganyen. Sannan ta rungume ta, tana dariya.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa gani ba iyawa ba ne. In ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka sa hannu.