Gaɓa ta Biyar

Da almuru ya koma shagon, wai zai duba ko ya kulle taga. Gaskiyar magana, kunya ce ta hana shi zuwa da rana. Kafintan da ke cewa duk unguwar babu na biyunsa, ga shi injin sassaƙa ya gagare shi tun ranar da aka binne ƙanensa.

Ƙanen ne ya san kwamfuta, shi ya haɗa injin. Doguwar gada ce ta ƙarfe a kan layi biyu, da mota, wato ƙaramin injin da ke tura ta, a kowane gefe, kuma dole su tafi kafaɗa da kafaɗa, in ba haka ba gadar ta karkace. Motoci huɗu ne a jikinsa gaba ɗaya, kowacce a cikinsu kwamfuta na kiranta gaɓa. Yanzu saitin ya goge, sai an sake gaya mata komai.

"Kai ma ka san ba ka kyauta ba, Auta," ya ce wa kujerar da babu kowa. "Ka bar mini yara, na riƙe. Amma kwamfuta? Ni, da gemuna?"

Ya zauna yana ƙunƙuni, yana danne-danne da yatsa ɗaya. Tabarau kuwa ba ya sawa, wai yana tsufar da shi. Inda aka tambayi yawan gaɓoɓi, sai ya sa biyar.

Layi biyar suka fito a allo. Huɗu shiru. Na biyar, wanda babu mota a bayansa, lambobinsa suka fara gudu.

Ƙanshin garin katako ya ɗauke. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon.

Ƙiii. Gadar ta motsa da kanta, ta miƙe sak.

"Yaya."

Daga can gefen injin, inda fitila ba ta kai ba. Muryar ce, har da 'yar shaƙewar nan tata.

"Ka yi kuskure, Yaya. Amma bar shi haka."

Ya san wanda ya tafi ba ya dawowa. Ya san akwai masu aron murya. Duk da haka ƙafafunsa suka kai shi.

"Auta?"

"Sa hannu a kan layi, ka ji ko gadar tana rawa."

Haka suke yi kullum, kowa da gefensa. Ya ɗora tafinsa. Ƙarfen sanyi ƙalau.

Wani hannu ya sauka a kan nasa. Yatsun sun cika tsawo.

"Ba ka tambayi yara ba," in ji kafintan.



Riƙon ya ƙara tsanani.

Gadar ta taso.

Ya ambaci sunan Allah, ya kai wa jan maɓallin tsayarwa gwiwa, ya fizge. Hannun rigarsa ya yage a ƙarƙashin tayar gadar. Fatar bayan hannunsa ma ta bi shi.

Washegari da rana tsaka ya dawo, hannu a naɗe. Ya goge biyar, ya rubuta huɗu. Saura ya danna. Yatsan ya daɗe a sama, yana jira ko za a sake kira.

Aka kira, a hankali.

Ya danna, hawaye na sauka cikin gemunsa.

Injin yana aiki lafiya har yau, kuma in ka shiga shagon zai ce maka basirarsa ce ta gyara shi. Sai dai yanzu babu sauran mai ce masa Yaya a duniya.