Addu'ar da Auta ta Roƙa

"Yau ma gidanta za ka?"

Dogo ya ɗago daga katakon da yake gogewa, garin katako ya yi masa fari a gira. Auta na tsaye a ƙofar shagonsa, hannu a ƙugu, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Da gani daga kan keken ɗinki ta taso babu shiri.

"Amaryata, ko gaisuwa babu?"

"Riƙe gaisuwarka! Tambayarka na yi."

"Yau Talata ce, kin sani. Ni da Goggo za mu ziyara."

"Ziyara... ziyara! Marasa lafiya sun ƙare a gari ne, sai Malama? Me ke damunta?"

"Ba zan iya faɗa miki ba, Auta."

"Ni? Ni da saura sati uku in zama matarka?"

"Ko fasto ban faɗa wa ba."

Ta yi ƙwafa ta juya, ya bi ta da kallo yana girgiza kai.

Maganar gaskiya, wannan halin nasa ne ya fara sa ta so shi. Dogo na cikin masu ziyara na cocinsu, waɗanda ke shiga gida-gida suna yi wa mutane addu'a, suna karanta musu Littafi Mai Tsarki. Ƙa'idarsu biyu ce. Ba a tafiya mutum ɗaya, kuma abin da aka ji a ɗakin mai neman addu'a, a ɗakin ake barinsa. Lokacin da babanta ya kwanta jinya, Dogo da goggonsa da ta raine shi suka riƙa zuwa, har Allah ya tashi kafaɗunsa. A nan Auta ta ƙyalla ido ta gan shi durƙushe yana addu'a, zuciya kuwa ta ce wannan ne.

To amma a lokacin babu Malama a layin. Wata biyar ke nan da ta tare a gidan ƙarshe, tana koyarwa a makarantar yara. Ba miji, ba dangi, ba ta zuwa coci, ga kyau kamar ita ta yi kanta. Tun da Dogo ya je gyara mata ƙofa, shi ke nan, kowace Talata sai gidanta. Har kujera ya ƙera mata mai jingina, kujerar da Auta ke roƙo tun bara!

Da la'asar ɗin nan ta kasa ɗinki. Sau biyu tana haɗa hannun riga a baibai. Ta ture keken, ta ɗauki jaka kamar mai zuwa sayen zare, ta bi layin.

Da ta kusa gidan ƙarshe, sai ta tsaya cak. Babu Goggo, babu dalilinta. Dogo ne shi kaɗai tsaye a bakin tagar Malama, ya riƙe ƙarfen tagar, kansa a sunkuye, kuma daga ciki wani siririn hannu ya fito ya dafa ƙarfen kusa da nasa. Da ya ɗago, sai ta ga yana share ido da bayan hannu.

Kuka! Dogon da bai taɓa zubar mata da hawaye ko ɗigo ba!

Ta koma gida ba ta ganin gabanta. Yayarta na ninke wanki a tsakar gida, ta dube ta.

"Ke kuma lafiya? Kin shigo kamar an koro ki."

Auta ta zayyane mata komai. Yaya ta tafa hannu.

"Taga? Lallai! Ai ta taga ake farawa, 'yar ƙanwata. Ki zauna kina ɗinka rigar aure, wata ta ɗinke miki ango."

"Yaya, ki daina..."

"Na daina. Amma ni dai na faɗa miki."

Kira biyar Dogo ya yi mata ranar, ba ta ɗaga ko ɗaya ba. Da alama ya hango ta, don ya turo saƙo cewa ciwon ƙafar Goggo ne ya tashi, shi ya sa bai shiga ɗakin ba, ya tsaya daga waje. Ta karanta ta tsuke baki. Ƙafar ma ta san ranar da za ta tashi.

Ranar Alhamis matan coci suka taru zumunci kamar kullum. Aka yi waƙa, aka karanta nassi, sannan shugabar ta ce, "Mai buƙatar addu'a ta tashi." Wata ta roƙa wa ɗanta aiki, wata ta roƙa wa surukarta sauƙi. Auta ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Iyayena, ku taya ni addu'a," ta faɗa da muryar tausayi, har da langaɓe kai. "Akwai wata mace a layinmu... ba zan kama suna ba... tana fakewa da neman addu'a tana jan mijin da zan aura. Ku roƙi Ubangiji ya shirye ta, ya raba yaran mutane da take koyarwa da irin halinta."

Sai aka ce "Amin!" da ƙarfin da ba a yi wa mai neman aiki ba. Ba ta kama suna ba, amma mace nawa ce ke koyar da yara a layin? Daga bencin baya Goggo ta zuba mata ido, ba ta ce amin ba.

Kafin Asabar maganar ta gama zagaye layin, kowa na ba na kusa da shi "don a sa a addu'a". Iyaye biyu suka je wurin shugaban makaranta.

Dogo ya zo shagonta ranar Asabar da hantsi. Bai zauna ba. Ta ci gaba da taka keke don kada ta dube shi, sai ya sa hannu ya tsayar da shi.

"Me kika yi, Auta?"

"Addu'a na roƙa. Laifi ne?"

"Addu'a?" in ji shi. "Wata huɗu muna zuwa. Wata huɗu kafin ta yarda a ambaci sunan Yesu a ɗakinta ba ta juya baya ba. Gobe ne ta ce za ta fara zuwa sujada. Jiya mun je, ta ƙi buɗe mana. Ta ce ta ga irin addu'armu."

"To ka yi kuka mana! Ai ka saba yi mata!"

Ya saki keken ya dube ta.

"Na yi kuka, ban musa ba. Kin san dalili? Ranar Talatar nan ce ta fara addu'a da bakinta tun da aka haife ta. Ta ce ba ta san abin da za ta roƙa wa kanta ba, sai ta roƙa wa aurenmu albarka. Da sunanki ta fara."

Ƙafar Auta ta zame daga kan keken.

"Ina sonki, Allah ya sani," in ji shi a hankali. "Amma yau ina tsoronki. Idan na kawo ki gidana, wa zai ƙara yarda ya gaya mini damuwarsa? Zan ce wa fasto a ɗaga ranar."

"Dogo! Dogo, tsaya..."

Bai tsaya ba.

Ta yi kuka har ido ya kumbura. Yaya ta leƙo za ta yi magana, ta ga fuskarta, ta ja bakinta ta koma. Abin haushin, ko a cikin kukan kishin bai sake ta ba. Wata zuciyar na ce mata, ashe saboda Malama zai ɗaga aurenki? Wata kuma na maimaita mata, da sunanki ta fara.

Litinin bayan an tashi makaranta ta je gidan ƙarshe ta ƙwanƙwasa. Shiru. Talata ta koma, shiru. Laraba ta zauna a kan dakalin ƙofar, ta ce da ƙarfi, "Malama, ni ce Auta. Ba zan tashi ba sai kin zage ni."

Can sai ta ji an zare sakata.

Matar da ta buɗe ba ita ce wadda Auta ke hangowa daga nesa ba. Babu ɗankwali a kanta, babu gashi ko ɗaya, wuyanta ya zama kamar na ƙaramar yarinya. Ta koma da ƙyar ta zauna a kujerar nan mai jingina, ga kwalaben magani jere a kan tebur.

"Kalle ni da kyau," in ji Malama. "Wannan ce kike kishi da ita."

Auta ta durƙushe a wurin.

"Ciwon daji ne. Na ɓoye don kada a raba ni da ajina, yaran nan su kaɗai gare ni. Yanzu ga shi za a raba mu ba don ciwo ba, don bakinki."

"Ki yafe mini... don Allah ki yafe mini. Zan je in gaya musu ba ki da lafiya, kowa ya sani..."

"Kada ki kuskura!" Malama ta ɗaga murya har tari ya sarƙe ta. "Kin ɗauke mini suna, kuma za ki ɗauke mini sirri? Ki wanke ni idan za ki iya. Amma ciwona nawa ne."

Auta ta miƙa mata ruwa. Malama ta sha, ta jingina, ta rufe ido.

"Mijinki ya ce Yesu na yafe wa wanda ya cuce shi. Ni ban kai nan ba tukuna."

"Ni ma ashe ban kai ko'ina ba," in ji Auta.

Washegari Alhamis, da shugabar zumunci ta ce mai buƙata ta tashi, Auta ta miƙe. Wannan karon babu langaɓe kai.

"Iyayena, satin da ya wuce ƙarya na yi muku. Ba addu'a na roƙa ba, tsegumi na yi. Kishi ne ya ci ni. Malama ba ta yi mini komai ba, Dogo bai yi mini komai ba. Duk wadda ta kai maganar wani gida, don Allah ta koma ta warware. Gobe ni da kaina zan je wurin shugaban makaranta."

Aka fara gunaguni. Wata mai kaifin baki ta ce, "To in babu komai, me yake yi a tagarta yana kuka? Ki fito mana da shi fili mana!"

Amsar na kan harshenta. Kalma biyu kawai, da kowa ya yi shiru, da har tausayinta za a ji.

"Ku ɗauka ni ce mahaukaciya, ya fi mini," ta ce. "Ni za ku yi wa addu'a."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wata ta ce yaran zamani sai a hankali. Auta ta zauna kunya kamar ƙasa ta tsage. Sai ta ji an dafa kafaɗarta. Goggo ce ta taso daga bencin baya tana ɗingishi, ta zauna kusa da ita.

"'Yata, matso," in ji ta. "Ni zan fara."

Da aka tashi, Dogo na tsaye a ƙarƙashin bishiyar bakin coci, wai ya zo ɗaukar Goggo. Goggo ta raɗa masa magana a kunne, sannan ta ce ita ƙafarta ta warke, ta yi gaba ta bar su.

"An ce an yi miki dariya," in ji shi.

"Na cancanta."

"An ce an matsa miki, ba ki faɗa ba."

Ta sunkuyar da kai. "Ka je wurin fasto?"

"Sau biyu ina zuwa ƙofarsa, ƙafata ta ƙi shiga."

Hawaye suka zubo mata. "Akwai saƙo daga Malama. Ta ce kada ka ƙara zuwa gidanta, ta gaji da bakin mutane."

Ya runtse ido. Ta ga yadda maganar ta soke shi, kuma ta san ita ce ta jawo.

"Amma ta ce ni in zo ranar Talata tare da Goggo. Wai tana so ta ga ko bakin nan nawa ya iya wani abu ban da ɓarna." Ta share hawayen. "Dogo, ban iya ba. Ban taɓa yi wa wani addu'a a gabansa ba. Me zan ce mata?"

Ya dube ta, idonsa ya kaɗa. Sannan ya kama hannayenta biyu a nan bakin hanya, mata na wucewa suna kallo, bai damu ba.

"Rufe idonki, amaryata," ya ce. "Fara da ni."