Akwatin Saƙon Baba

Ranar da wani saurayi ya fara zuwa shagon tabarau, ƙofar gilashi ya fara gaisarwa da goshinsa. Auta, 'yar mai shagon, ta danne dariya ta zaunar da shi, ta ɗora masa gilashin gwaji.

"Yanzu me kake gani?"

Ya ɗago, suka yi ido huɗu. Allon haruffa na jikin bango, amma bawan Allah ko kallonsa bai yi ba.

"Ina ganin abin da na daɗe ina asara."

"Allo na ce, Malam."

Ta juya ga kwamfuta za ta adana awonsa, sai ta ja tsaki. Akwatin imel ya sake cika. Tsarin Baba, mahaifinta, ke nan: duk wanda aka auna wa ido, a tura awon cikin imel ɗin shago, kuma ba a goge ko ɗaya. Har saƙonnin likitoci sun fara komawa inda suka fito.

Ashe saurayin mai kula da kwamfutocin ofisoshi ne. Ya ce sai an sauya imel ɗin, amma bai yi saurin cewa ga kamfanin imel da ya fi ba, tambayoyi ya jero: su wa ke turo saƙo? Da hotuna? Mutum nawa ke buɗewa? Nutsuwarsa ta burge ta, ta raɗa masa Sarkin Tambaya.

Tabarau ɗaya ya saya, amma gyaransa ya ƙi ƙarewa. Yau ya matse kunne, gobe ya zame daga hanci. Ƙarshe dai ya turo mata:

"Hasken idona, tabaraun nan lafiyarsa lau. Ni ne ba ni da lafiya in ban gan ki ba."

"Ai na sani, Sarkin Tambaya. Ka manta ni nake duba shi?"

Da maganar aure ta kai kunnen Baba, ya ɗaure fuska.

"Yaron da ya ce in sauya imel? Wanda sana'arsa ita ce a bar tsoho a kama sabo, shi zan ba 'yata? Gobe in ya ga wadda ta fi ki fa?"

Shi Baba ɗan amininsa yake so ya ba ta, dillalin gilasai, wanda ya taɓa cewa, "Baba, a goge tsofaffin kawai a huta." Amma ranar Baba bai bari an goge ba.

Sai kuma Sarkin Tambaya ya ɗauke ƙafa. Auta ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta rubuta:

"Ka janye ne? Faɗa mini gaskiya, zuciyata ta gaji."

"Ina ni ina janyewa, Autata? Kamfanoni nake gwadawa da nawa saƙonnin. Ba zan taɓa na Baba ba sai na tabbata."

Wata safiya ya shigo shagon, ya durƙusa ya gaida Baba.

"Baba, kamfani na farko yana da fili, amma yana leƙa saƙon mutane don talla, kuma awon ido sirrin mai shi ne. Na biyu yana da tsaro, amma ranar da ka so fita ba zai ba ka kayanka ba. Na uku yana da fili da tsaro, kuma duk wanda ya rubuto a tsohon adireshi, saƙonsa zai iso. Ba watsi da tsoho za a yi ba. Gida ne ya yi kaɗan, za a kwashi kowa a koma mai faɗi."

"In saƙo guda ya ɓata fa?"

"Kada ka ba ni Auta."

Baba ya ce a yi.

Da aka gama kwashewa, Baba ya ja kujera ya fara kiran mutane da ka. Tsohon direban nan. Malamar makaranta. Tagwayen mai gidan burodi. Duk wanda ya kira, awonsa ya bayyana. Can muryarsa ta yi ƙasa.

"Nemo mini na mahaifiyar Auta."

Ga shi nan, awonta na ƙarshe kafin ta rasu, wanda shi Baba ya rubuta da hannunsa. Ya daɗe yana kallo. Auta ta rufe fuska da mayafi tana hawaye.

Baba ya dafa kafaɗar saurayin.

"Ɗana, na yi maka mummunan zato, ka yafe mini. Wanda bai yar da amanar mamaci ba, ba zai yar da ta mai rai ba. Ka ce wa iyayenka ina jiransu."

Ranar aure Baba da kansa ya kama hannun Auta ya sa a na ango, ya ce, "Ga ita, ita ce mafi tsada a abin da uwarta ta bar mini. Allah ya yi muku albarka, ya bar ku tare." Jama'a suka amsa da amin, ango kuwa a karon farko ya rasa tambaya.