Ƙarfen da Jikin Atika Ya Ƙi

Tun daga kwanar kasuwar Bodinga Sodangi ya hango farar bitil ɗin a ƙofar gidansa. Motar Likita Shaihu ce. Ya sake zuwa ke nan!

Ko gama gyara tsayuwar tasa motar bai yi ba ya faɗa zaure. Suka yi kiciɓis da likitan yana fitowa riƙe da jaka.

"Alhaji, barka da dawowa. Da ma ina son mu zauna da kai..."

"A sauka lafiya, Likita."

Ya wuce shi fuu, babbar rigarsa tana sharar bango.

Matarsa Atika tana zaune a kan tabarma, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, tana numfashi da kyar kamar wadda ta yi gudu. Abin da idonsa ya fara gani shi ne kunnuwanta. Babu 'yan kunnen da ya sayo mata, babu awarwaro, babu zobe.

"Ina kayan da na saya miki?"

"Sannu da zuwa, Baban Daso. Ka zauna mana in..."

"Na ce ina suke?"

"Yaya Shaihu ya ce in cire su tukuna."

"Yaya Shaihu!" Ya yi wata dariya marar daɗi. "A gidana, shi ke cewa a sa, shi ke cewa a cire?"

Shaihu ɗan wan mahaifinta ne. Tun suna yara dangi suka so haɗa su aure can Horo Birni ta ƙasar Shagari, Atika ta kafe ita Sodangi mai albasa take so. Shaihu ya tafi Ingila karatun likita, magana ta mutu. A wurin kowa ta mutu, ban da zuciyar Sodangi. Ga shi yanzu, a wannan shekara ta 1983 da madara da sabulu sai an yi musu layi, kwangilar Sodangi ta tsaya cak ya koma buhunan albasa, Shaihu kuwa ya dawo fes da shi, da tabarau da mota da Turanci a baki.

"Don Allah ka saurare ni," in ji Atika. "Ka san tun haihuwar Daso jikin nan yake ƙaruwa, ga ciwon suga ya shigo. Yaya ya ce a can Ingila akwai aikin da ake yi, a rage wa mutum tumbi, a ɗinke da 'yan ƙananan ƙarafa, sai ƙiba ta sauka. To ni kuma jikina..."

"A yanka ki don ki rame? Ni na taɓa cewa ba na son ki haka?"

"Ba ka taɓa ba."

"To don wa za ki rame, Atika? Don wa?"

Ta yunƙura za ta tashi, mayafinta ya zame, sai ga farar filasta manne a gadon bayanta, saman zane.

Duniyar ta juya wa Sodangi.

"Wa ya liƙa miki wannan?"

"Nas ce, mace, tare suka zo jiya kana Sakkwato. Gwaji ne na..."

"Jiya ma ya zo? Har bayanki ya gani! In auren zumuncin ne kuke son tayarwa, ai sai ku faɗa mini in ba ku wuri!"

"Baban Daso!"

Hawaye kawai ya ga suna bin kumatunta. Kafin la'asar ta ɗauki Daso, 'yarsu mai shekara huɗu, ta shiga motar Shagari.

Gidan ya yi masa faɗi. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa ɗakinta. Duk inda ya juya sai ya ga Shaihu da tabaransa yana murmushi. Wato yanzu tana can garinsu, inda bitil za ta iya zuwa ba mai tare ta! Wannan tunanin, ba nadama ba, shi ya sa washegari da hantsi ya kama hanyar Horo Birni.

Ya tarar da surukinsa Malam Bawa a gindin bishiyar bedi yana gyaran igiyar shanu. Ya cire takalmi ya durƙusa, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Ɗiyata ba ta hwaɗa mini komi ba," in ji tsohon, bai ɗago ba. "Amma ido ba mudu ba, ya san kima. Sodangi, ka san yadda uwarta Hajara ta bar duniya?"

"An ce ciwon ƙafa ne, Baba."

"Ciwon suga ne, da nauyin jiki. Ƙahwa ta ruɓe, anka yanke, ba ta tashi ba. Atika na ƙarama, ita ka wanke mata gyambon. Yanzu ta ga nata ƙahwahu sun soma kumburi, ga ɗiya ƙarama gabanta. Mi kake so ta yi?"

Sodangi ya sunkuyar da kai. Sai ga ƙarar bitil. Nan take jinin jikinsa ya sake tafasa.

Shaihu ya fito shi kaɗai, ya gaida baffansa, ya juyo.

"Alhaji, gara da na same ka. Yau ya kamata a ɓare filastar, ga shi nas ɗin tana bakin aiki. Ko a kira wata daga cikin mata?"

Daga bayan labulen ɗaki muryar Atika ta fito, a dishe.

"A ƙyale matan. Mijina ya shigo ya ɓare da hannunsa, tunda ba ya yarda da idon kowa sai nasa."

Ya shiga. Ta juya masa baya ba ta ko kalle shi ba. Shaihu ya tsaya a waje yana magana ta bayan labule.

"A hankali, Alhaji. Akwai 'yan farantai ƙanana a ƙarƙashi, kowanne da irin ƙarfen da aka shafa masa. Faɗa mini abin da ka gani."

Ya ɗaga filastar a hankali. Wuraren farko lafiya lau. Da ya kai na gefen dama sai ya ja numfashi. Fatar ta yi jawur, ta kumbura, ta yi ƙuraje masu ruwa kamar ƙunar wuta.

"Likita... na dama ya tashi! Har ruwa yake yi!"

Shaihu ya matso jikin labulen.

"Abin da nake tsoro ke nan. Irin ƙarfen da ake haɗawa a 'yan kunne ne, kuma ina zargin akwai shi a ƙarafan ɗinkin. Na kunne ana cire shi, na cikin ciki kuwa ya zauna ke nan. Ban yarda a taɓa ta ba sai na tambayi likitocin can ko suna da wani iri. Kafin nan, sai mu dage da magani da gyaran abinci da tafiya a ƙasa."

Atika ta fashe da kuka mai cin rai.

"Shi ke nan... hanyar Inna zan bi. Wa zai riƙe mini Daso?"

Sodangi ya zagayo gabanta ya durƙusa. A lokacin ne, da yake kusa, ya lura da fatar kunnuwanta: duk tabo ne, tsoho a kan sabo, baƙi ƙirin.

"Atika, wannan fa?"

"'Yan kunnenka ne."

"Tun yaushe?"

"Tun muna amare. In na sa, sai ƙaiƙayi da ruwa. Amma in ka shigo ka gan su a kunnena, yadda fuskarka take washewa... sai in ce bari in daure."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Matar da ya zarga da son wani, ashe shekara da shekaru tana cin wuya a ɓoye don murmushinsa kawai.

"Ki yafe mini, hasken idona. Wallahi tsoro ne. Na ga shi yana da abin da zai ba ki, ni kuwa sai albasa..."

"Albasar na zaɓa, ina cikin hankalina." Ta share hawaye da gefen mayafi. "Na yafe. Amma Yaya Shaihu ne likitana, yau da gobe. Za ka iya?"

Ya miƙe, ya ɗaga labule da kansa.

"Likita, shigo ka duba 'yar'uwarka. Kuma... ka yi haƙuri da ni."

Da rana ta yi sanyi Malam Bawa ya riƙe jikarsa, Sodangi da Atika suka fita bayan gari ta tsakanin gonakin gero. Ba su yi nisa ba Atika ta tsaya, ta dafa kafaɗarsa tana haki. Ya tsaya ya jira ta.

"Kullum za ka riƙa raka ni haka? Mutanen Bodinga za su ce na shanye ka."

"Su ce."

Ta dube shi ta wutsiyar ido, murmushi yana neman ƙwace mata.

"To kishin fa, ya tafi?"

"Ina zai je? Yana nan daram. Sai dai na gane ba Shaihu ke son raba ni da ke ba, ciwon nan ne. Shi kuwa wallahi ba zan bar masa ke ba."

Ta kama hannunsa ta riƙe gam.

"To mu ƙara gaba kaɗan," in ji ta.