Gahawar da Ta Huce a Gidan Abu Firas

To, ita dai haɗuwar Hanadi da Nidal ba da ido aka fara ta ba, da kunne aka fara.

Hanadi nas ce, amma ba ta yin allura. A wani ofis take zama a Irbid da abin sauraro a kunne, marasa lafiya na bugowa tana ba su shawara. Wata safiya cikin hunturu wani ya bugo, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Sannu 'yar'uwa... mura ce kawai... sai dai ina da... asma."

"Murar da ta hana ka haɗa magana ɗaya ai ta wuce 'kawai'. Ina inhelarka, shuɗiyar?"

"Tana mota."

"Motar ce ke da asma? A ɗauko maka yanzu. Me ke ci a ɗakin?"

Ashe murhun kananzir ne, tagogi a rufe ruf, ga mahaifiyarsa ta zuba turaren wuta wai ya buɗe masa ƙirji. Hanadi ta dafe kai. Ta sa aka buɗe taga, aka fitar da kaskon turaren, ya zauna a miƙe yana shaƙar maganin ɗaya bayan ɗaya tana ƙirga masa. Ta ce in bai sassauta ba sai motar asibiti. Da ikon Allah ya sassauta.

Kwana bakwai yana bugowa. Ran na huɗu ya ce ya ajiye inhelar kullum, mai ruwan ƙasa, tunda ya ji sauƙi.

"Don kana shaƙar ta ne ka ji sauƙin, bawan Allah! Shekarunka nawa?"

"Ashirin da tara. Malamin lissafi ne ni."

"Allah Ya ji ƙan ɗalibanka."

Bayan wata biyu tana layin gidan burodi, tana yi wa wani faɗa kan hura wa tsohuwa hayaƙin sigari, sai wani dogo a gabanta ya waiwayo.

"Wallahi ke ce. Muryar nan sau bakwai ta wanke ni."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Daga nan ne fa. Ba a jima ba saƙo ya fara shigowa:

"Barka da safiya, Sarauniyar faɗa. Na shaƙi mai ruwan ƙasa, na kurkure baki. A yaba mini."

"Ba a yabon babba don ya yi abin da ya kamata. Ka sa rigar sanyi, ɗan rigimata."

Da magana ta kai kunnen mahaifinta, Abu Firas, sai ya ce atafau. "Ga Mu'utasim ɗan baffanki, soja, ƙirji kamar ƙofa. Ki bar shi ki ɗauko mini mai haki? Aure za ki yi ko jinya?"

"Baba, Mu'utasim kwalin sigari biyu yake sha a rana. Shi ne jinyar, ka jira ka gani."

Bai saurare ta ba. Sai da mahaifiyarsa, Ummu Nidal, ta zo gaisuwa da farantin kunafa, kayan zaƙin nan mai cuku, ta rantse masa ciwon yarinta ne, ya warke tun yana firamare. A kan haka ya sa ranar da maza za su zo neman aure.

Hanadi ta ji labarin a bakin ƙanwarta, ranta ya ɓaci. Ta rubuta masa:

"Ƙarya aka yi wa Baba kana ji ka yi shiru?"

"Sanyin idona, rana ɗaya ce. In an ba ni ke sai mu faɗa masa a hankali."

"Ni ba za a karɓe ni da ƙarya ba. Ka faɗa masa da bakinka."

Bai faɗa ba. Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba, a ciki kuma sabuwar mura ta kama shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar maza talatin suka cika falo. Don karrama baƙi aka kunna murhu biyu, aka zagaya da turaren wuta, dattawa suka kunna sigarinsu. Aka zuba gahawa a gaban Baffa Salim, babban dangin Nidal, ya ajiye kofin bai sha ba, don ba a sha sai uban yarinya ya ce ya bayar. Sai ya fara jawabi. Shi kuwa Baffa Salim in ya fara, sai ya taɓo kakan kakansu.

Hanadi na kicin da mata, jingine da ƙofar da ke kallon falo. Kunnen da ya shekara biyar yana sauraron ƙirjin mutane a waya ba ya kuskure. Ƙarƙashin muryar Baffa Salim ta jiyo wani siririn fito daga ƙirjin Nidal.

"Shuɗiyar tana aljihunka?" ta rubuta masa.

"E. Ba zan iya ba a gaban babanki."

"Ka fito da ita yanzu, ko wallahi in shigo tsakiyar maza talatin in ciro ta da hannuna."

Mahaifiyarta ta riƙe mata hannun riga. "Ke! Kada ki tona mana asiri."

"Umma, mutum ba ya numfashi!"

Tana kama marfin ƙofar sai ta ji jawabi ya tsaya cak. Ta leƙa. Nidal ya gyara zama, ya girgiza shuɗiyar inhelar, ya kai baki a gaban kowa. Ɗaya. Ya huta. Biyu. Uku.

Abu Firas ya ce, "An ce mini ka warke."

Sai da numfashi ya dawo Nidal ya amsa. "Ban warke ba, Baffa. Tun ina shekara shida nake tare da ita. In na kiyaye, lafiya lau nake aikina. Na so in ɓoye maka, 'yarka ta ce ba da ita ba. Ka yafe mini."

Hanadi ta runtse ido. Shi ke nan, ta ce a ranta, an gama.

Tsohon ya miƙe. Ya je ya wangale tagogi da kansa, ya kashe murhu ɗaya, ya dubi dattawa. "A kashe sigarin nan, kun so ku kashe mini baƙo a ɗaki." Ya daɗe a tsaye yana kallon Nidal.

"Kai wawa ne. Saura kaɗan ka yanke jiki ka faɗi don kunyata. Da ka faɗi ƙasa, da ban ba ka ita ba ko ka tashi. Amma ka faɗi gaskiya a inda take da wuyar faɗi." Ya juya ga Baffa Salim. "Ku sha gahawarku."

Gahawa ta huce kamar ruwan randa. Baffa Salim ya shanye yana yatsina fuska, ya ce bari ya ƙarasa jawabinsa, mutum goma suka ce a karanta Fatiha tukuna. Guɗa ta tashi a kicin, Hanadi kuwa ta zauna a kan buhun shinkafa tana kuka tana masifa.

Dangi suka so a yi biki a watan Mayu. Ta ce lokacin furen zaitun ne, ƙurarsa ta ishi mai asma, sai dai Agusta. Aka yi gunaguni, aka bi ta.

Ranar bikin, ana ta rabon mansaf, shinkafa da naman rago, ango ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Amarya, yau dai a ɗaga mini ƙafa da faɗa?"

"Yau ɗaya," in ji ta. "Gobe da safe zan dawo aiki."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya ƙara wa Hanadi haƙuri, don wallahi za ta buƙace shi.