Ƙarfen da Ba Ya Hucewa

Dab da magariba na biya kai wa Inna maganin ciwon gwiwa, ko kayan aiki ban cire ba.

Aikinmu bin tsofaffin masana'antu, muna kwashe ƙananan ƙarafa masu fitar da gubar nukiliya da aka bari cikin injina. Ran nan mun shiga wata da masu gadi suka ƙaurace wa, wai aljanun wurin suna zubar musu da gashi. Har dariya na yi musu. Sai muka tarar an fasa tukunyar dalmar da ke tsare gubar, cikinta wayam.

Inna a gidan yayana take zaune. Shi kuwa sana'arsa sayen tsofaffin ƙarafa, mutumin da ko ƙusa ba ya tsallakewa. Tsakar gidan warin tsatsa da baƙin mai. Kaji a mace a gindin bango.

Sai jakata ta ce ƙas.

Na'urar awon guba ce, na manta ban kashe ta ba. Na taka wajen ɗakin Inna. Ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas.

Ɗakin duhu, yana ƙarnin amai. Ta ƙarƙashin zaninta wani shuɗin haske yake fitowa.

"Inna, me kika ɗaura a ƙafa?"

"Yi ƙasa da murya," ta raɗa. "Na mutanen ɓoye ne, yayanka ya samo. Ko a ruwa ba ya hucewa. Tunda nake gasa gwiwar da shi ban ji ciwo ba."

Ta shafa kanta. Furfura ta biyo hannun.

Na'urar ta koma kuka ba tsayawa.

Na san ƙa'ida: ka gudu, ka kira masu dogon awartaki. Amma uwata ce. Na fizge tsumman da hannuna, abin ya gangara ƙarƙashin gado. Na sunkuce ta na fito ina ihu kowa ya bar gidan.

Abokan aikina suka ɗauke ƙarfen cikin sabuwar tukunyar dalma. Yatsuna sun ƙone, ba sa lanƙwasuwa. Inna ta rayu, amma likitoci sun yanke ƙafar.

Har yau, in magariba ta yi, sai ta shafa inda babu gwiwa ta ce, "Ga ɗumin nan ya dawo."

Sau ɗaya na kai na'urar wurin.

Ta ce ƙas.