Kunnuwan Yaya

"Ɗauke takardar nan daga gidana. Maganar aure kuma na janye ta!"

Baba ne yake faɗa wa saurayina, Mai Fenti, wanda ke rubuta allunan shaguna. Ina tsaye bakin ƙofar falo.

Laifinsa kawai ya zana Yayana. Yaƙi ya ci Yaya, wuta ta cinye tsohon gidanmu da duk hotunansa. Tun da muka dawo wannan gidan haya Baba ya hana a ambace shi, wai kada a tayar wa Umma da miki. Umma ta bi doka har ta rame. Sai ta zuba abinci a kwanonsa, ta tuna, ta mayar tukunya.

Ni dai na gaji. Ni na riƙa zuwa shagon Mai Fenti, cikin warin fenti, ina kwatanta masa goshin Yaya da hancinsa.

"Baba, ni na sa shi," na ce. "Sun kashe shi, mu kuma mu goge shi kamar ba a taɓa haifarsa ba? Wallahi ban yarda ba."

"Ke, ni kike faɗa wa haka?"

"Ki yi shiru, hasken idona... bari in tafi," Mai Fenti ya raɗa mini.

Ya zo naɗe takardar, ta kuɓuce masa ta baje a kan tebur. Baba ya kawar da kai, amma ido ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ja tsaki.

"Wannan ne ɗana? Wa ya ce maka kunnuwansa a kwance suke? A tsaye suke, kamar hannun tukunya."

Ni na sa aka kwantar da su, don ina so Yayana ya yi kyau.

"Naka ya ɗebo ai," in ji Umma daga bayana. Ban ma san ta fito ba. Ta matso ta ɗora yatsa a kan girar. "Ina tabon nan... na ranar da ya faɗo daga kekenka?"

"A hagu yake."

"A dama, Malam. Ni na wanke jinin."

Suka hau gardama. Umma na dariya, hawaye na zuba. Haushi ya sake kama ni: ashe abin da aka hana ta ke nan duk tsawon lokacin nan.

Baba ya tura wa Mai Fenti kujera da ƙafa. "Zauna. Ina fensirinka?"

"Baba... maganar auren fa?" in ji Mai Fenti.

"Gyara mini kunnuwan tukuna."

Mai Fenti ya sunkuya ya fara gogewa. Baba ya danne masa gefen takardar da tafin hannu don kada ta motsa. Da kunnen farko ya miƙe, sai na ji Baba ya kira sunan Yaya a hankali, irin kiran da yake yi idan zai aike shi.